Sauya babbar manhajar waya a ƙasar Daura

Sauya babbar manhajar waya shi ne mutum ya bar wayar da ke aiki da wani tsari ya koma wadda ke aiki da wani tsarin na daban, kamar mai riƙe da Android ya koma iPhone, ko mai iPhone ya dawo Android. Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da wayar baki ɗaya: ita ke kunna allo, ta karɓi kira, ta adana hotuna da saƙonni, ta kuma ba ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook wurin zama. A yau guda biyu ne suka mamaye kasuwar duniya, wato Android ta kamfanin Google da iOS ta kamfanin Apple. Kusan kashi 70 cikin 100 na manyan wayoyin duniya Android ce ke tafiyar da su, kuma a Najeriya rinjayenta ya zarce haka.

A Amurka da Turai, muhawarar wacce ta fi tsakanin biyun takan tsaya ne a kan kyan kyamara, tsaron sirri da sabo. A ƙaramar hukumar Sandamu da maƙwabtanta na masarautar Daura, abubuwan da ke yanke hukunci sun fi kusa da rayuwar yau da kullum: wutar lantarki, yawan layukan da waya ke ɗauka, tsadar data, samun mai gyara, da kuma tambayar ko mai wayar ya san kalmar sirrin asusun da aka buɗe masa.

Yankin

Sandamu ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura a Jihar Katsina, tare da Daura, Baure, Mai'aduwa da Zango. Hedikwatarta tana garin Sandamu, kudu da birnin Daura. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 137,287, mafi yawansu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Masarautar tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma hanyar da ta taso daga Kano ta Kazaure ta ratsa Daura zuwa Kongolam, daga nan ta nufi Matameye da Damagaram. Wannan hanya ita ce wayoyi da kayan gyaransu ke bi daga kasuwannin Kano, musamman kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut.

Tarihi

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a shekarar 2001, bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Glo ta biyo baya a 2003, sai Etisalat a 2008. Econet ta sha sauyin suna har ta zama Airtel a 2010, Etisalat kuma ta koma 9mobile a 2017.

Shekaru goman farko na Nokia ne. Ƙananan wayoyinta sun yi suna wajen ƙarko da riƙe caji, manyan kuma suna aiki da manhajar Symbian. A kan irin waɗannan wayoyi matasa da yawa suka fara shiga intanet ta Opera Mini, suka fara hira ta 2go. Daga wajajen 2009 BlackBerry ta zama wayar ƙwalisa a birane saboda manhajar hirarta ta BBM, wadda a lokacin sai mai BlackBerry ke iya shiga.

Dukkan waɗannan tsare-tsare sun mutu, kuma mutuwarsu ce ta haifar da babbar ƙaura ta farko. Nokia ta jingine Symbian ta rungumi Windows Phone a 2011, Microsoft ta sayi sashen wayoyinta a 2014, amma tsarin bai samu manhajoji isassu ba. BBM ta buɗe wa Android da iPhone ƙofa a watan Oktoba na 2013, aka rufe ta a ƙarshen watan Mayu na 2019. Abin da ya fi tilasta wa jama'a tashi shi ne WhatsApp: ta daina aiki a kan Symbian a tsakiyar 2017, a kan BlackBerry a ƙarshen wannan shekara, a kan dukkan wayoyin Windows kuma a ƙarshen 2019. Waya na iya zama lafiya lau, amma idan WhatsApp ta bar ta, darajarta a kasuwa ta faɗi.

Kusan duk waɗanda suka tashi, Android suka nufa. An kafa kamfanin Android a 2003, Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai ɗauke da manhajar, HTC Dream, ta fito a 2008, shekara guda bayan iPhone ta farko. Bambancin asali tsakanin biyun shi ne Apple bai yarda kowa ya sa iOS a wayarsa ba sai shi kaɗai, Android kuwa kowane kamfani na iya ɗauka ya yi mata kwaskwarima. Ta wannan ƙofa kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006, ya mamaye kasuwar Afirka da wayoyin Tecno, Itel da Infinix.

Dalilan rinjayen Android

Farashi shi ne dalili na farko, kuma bayyananne. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma tun da daga waje ake shigo da wayoyi, kowace iri ta yi tsada. Ga manomi ko ɗan acaba, sabuwar iPhone ba ta cikin lissafi.

Sai dai farashi kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba, domin tsohuwar iPhone ta hannu takan zo daidai da kuɗin sabuwar Infinix ko Redmi matsakaiciya, amma da yawa sukan zaɓi ta biyun. Dalilan sun haɗa da layi. Sabis bai da ƙarfi ɗaya a ko'ina. Ƙauyen da wannan kamfani ke kamawa, wancan ba ya kamawa, don haka riƙe layi biyu abu ne na yau da kullum. Masu fatauci tsakanin kasuwar Mai'aduwa da garuruwan Nijar sukan ƙara da layin can, na Airtel Nijar ko Moov ko Zamani, don gudun tsadar kiran ƙetare. Wayoyin Transsion da gurbin layi biyu suka yi suna tun farko. iPhone ba ta fara ɗaukar layi biyu ba sai a 2018, kuma a mafi yawan samfuranta na biyun ba kati ba ne, eSIM ne da sai kamfanin sadarwa ya ɗora shi. Wasu daga cikin waɗanda aka yi don kasuwar Sin da Hong Kong ne ke da gurbin kati biyu. Waɗanda aka yi don Amurka kuwa, daga iPhone 14 ta 2022, ba su da gurbin kati kwata-kwata, abin da mai saye a kasuwar hannu ya kamata ya duba kafin ya biya.

Sai batir. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, kuma ƙauyuka da dama ba su da wutar ko tana zuwa jefi-jefi. Shi ya sa shagon caji, mai janareta ko mai sola, ya zama sana'a. Wanda ke biyan kuɗi a duk cajin da ya yi, wayar da za ta wuni ta kwana yake nema. Tsohuwar iPhone da batirinta ya riga ya gaji ba ta cika wannan sharaɗi.

Abu na uku, wanda masu kwatanta wayoyi daga nesa ba su cika lura da shi ba, shi ne yadda ake samun abin kallo da saurare ba tare da data ba. A tashoshin mota da kasuwannin mako akwai masu kwamfuta da ke tura wa mutane finafinan Kannywood, fassarar finafinan Indiya, waƙoƙi, karatun Alƙur'ani da wa'azin malamai a kan kuɗi kaɗan. Cikin katin memori ake zuba su, daga nan abokai su rarraba wa juna ta Xender ko Bluetooth. iPhone ba ta da gurbin memori, ba ta karɓar fayil daga Android ta Bluetooth, kuma AirDrop an gina ta ne don na'urorin Apple. Akwai Xender ta iPhone, amma abin da aka karɓa yakan tsaya a cikin manhajar, ba ya shiga ma'ajiyar waƙoƙin wayar kai tsaye. Haka nan iPhone ba ta da rediyon FM, alhali a wannan yanki sauraren labarai da shirye-shiryen siyasa a rediyo al'ada ce mai ƙarfi. Wanda ya koma iPhone, kusan duk abin da zai ji ko zai kalla sai ya ƙona data.

Gyara ma haka. Gilashi, bakin caji da batirin Tecno ko Itel ana samunsu a wurin masu gyara na gari, Transsion kuma yana da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane. Apple ba shi da shago nasa na kansa a duk faɗin Afirka, sai dillalai masu izini a birane irin su Legas da Abuja.

Ya kamata a lura cewa mafi yawan abin da ake kira sauya waya a yankin ba sauyin babbar manhaja ba ne. Tashi daga Tecno zuwa Samsung ko Redmi tafiya ce cikin gida ɗaya. HiOS ta Tecno, XOS ta Infinix da One UI ta Samsung duk riguna ne da aka sa wa Android. Fuska ta bambanta, amma asusun Google da Play Store guda ne.

Masu komawa iPhone

Duk da haka akwai masu ƙetarawa, galibi ɗalibai, ma'aikata, masu sayar da kaya ta intanet da masu ɗora bidiyo a TikTok da Instagram. Buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a Daura ya ƙara yawan irin waɗannan matasa a gari. Hujjojinsu ba na banza ba ne. Bidiyon iPhone yana da inganci, kuma mai sayar da atamfa ko turare da hoto yake ciniki. Wayar ba ta zuwa da tarin tallace-tallace da manhajojin da ba a nema ba, kamar yadda wasu wayoyin Android masu araha ke yi. Tana daɗewa tana samun sabuntawa: iPhone 6s da ta fito a 2015 ta samu iOS 15 a 2021, alhali ƙaramar Android na iya ƙare rayuwarta a kan manhajar da ta zo da ita. Samsung da Google sun yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa ga manyan wayoyinsu na baya-bayan nan, amma waɗannan ba su ne ake gani a hannun jama'a ba. Sannan iPhone tana riƙe daraja idan an zo sayarwa ko musaya da ciko. Akwai kuma batun a san mutum, wanda ba kowa ke furtawa ba amma yana da nauyi a tsakanin samari da 'yan mata.

Kusan duk iPhone da ke yawo a yankin ta hannu ce, wadda aka yi amfani da ita a Ingila, Amurka ko Dubai kafin ta iso Legas ko Kano. Masu saye sukan duba lafiyar batir a cikin saituna, inda ƙasa da kashi 80 ke nuna ya kusa neman canji, su gwada ko gane fuska ko yatsa na aiki, su tabbatar ba a ɗaure wayar ga kamfanin sadarwa na wata ƙasa ba. Tsufa ma yana da iyaka: a 2025 WhatsApp ta daina aiki a kan iPhone 5s, 6 da 6 Plus, waɗanda ba sa iya ɗaukar iOS 15.

Masu dawowa Android bayan sun ɗanɗana sukan ambaci batir, data, tsadar gyara, da wahalar sayen manhaja ko ƙarin ma'aji, musamman a shekarun da bankuna suka taƙaita amfani da katin naira wajen biyan kuɗin waje daga 2022.

Abin da ke bin mutum da abin da ke tsayawa

Lambar waya ba ta da alaƙa da babbar manhaja. Layin da aka cire daga wannan zai yi aiki a waccan. Manhajojin banki da na OPay, PalmPay da Moniepoint, waɗanda suka bazu sosai lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, suna kan tsarukan biyu, kuma kuɗin yana wurin kamfanin, ba cikin wayar ba. Sai dai a sake shiga a tabbatar da sabuwar na'ura.

Lambobin mutane sun danganta da inda aka ajiye su. Idan suna cikin asusun Google, da an shigar da asusun a iPhone za su bayyana. Idan a kan layi suke, iPhone na iya kwafo su, amma ita ba ta ajiye lamba a kan layi. Waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwar wayar kaɗai su ne ke ɓacewa idan ba a fitar da su ba.

Apple ya fitar da manhajar Move to iOS a 2015 don kwashe lambobi, saƙonni da hotuna daga Android, amma tana aiki ne lokacin da ake saita iPhone daga farko. Wanda mai shago ya riga ya saita masa, sai an goge komai an sake. Google ya fitar da tasa ta komawa Android a 2022, Samsung kuma yana da Smart Switch. Manhajar da aka saya da kuɗi a Play Store ba ta bin mutum zuwa App Store. Mai barin iPhone kuma ya kashe iMessage kafin ya tashi, in ba haka ba saƙonnin masu iPhone na iya ci gaba da tafiya inda ba zai gani ba.

Babbar asarar takan faru a WhatsApp. A Android tana ajiye kwafin hira a Google Drive, a iPhone kuma a iCloud, kuma ɗaya ba ta karanta na ɗaya. Shekaru da dama babu wata hanya ta hukuma ta ƙetarar da hira. Sai a 2021 aka buɗe hanyar iPhone zuwa wasu wayoyin Android, a 2022 kuma ta Android zuwa iPhone. Ko yanzu sai wayoyin biyu suna hannu, kuma da lamba ɗaya. Wanda ya ba da tsohuwar wayarsa a musaya tun a bakin kanta kafin ya kwashe, ya rasa damar. A yankin da mutane da yawa ba sa rubutun boko, hirar WhatsApp ba hira ce kawai ba. Saƙon murya shi ne rasit: nawa aka ba da bashin taki, buhu nawa aka tura, ranar da aka yi alƙawarin biya. Hotunan takardun makaranta, na gona da shaidar tura kuɗi duk a nan suke zama. Masu amfani da jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp sun fi shiga haɗari, domin waɗannan ba sa cikin tsarin kwashewa na hukuma, babu su a iPhone, kuma kamfanin yana iya rufe lambar mai amfani da su.

Asusu da kulle

Al'adar da ta fi jawo matsala ita ce mai shago ko wani yaro a unguwa ya buɗe wa mai sabuwar waya asusun Google ko na Apple, ya sa kalmar sirri, mai wayar ya tafi bai rubuta ba. Muddin wayar na aiki babu wanda ke tunawa. Ranar da aka zo sauyawa ake gane cewa lambobi da hotunan shekaru suna bayan ƙofar da babu mabuɗinta. Wani lokaci ma mai shagon asusunsa ɗaya yake sa wa wayoyi da yawa, hotunan wannan su riƙa faɗawa wayar wancan.

Tun daga iOS 7 a 2013, iPhone tana ɗaure da asusun mai ita, ko an goge ta ba za ta buɗe ba sai da shi. Masu sana'a suna kiran irin wannan waya mai kullen iCloud, kuma mafi yawanci sai dai a farke ta a sayar da sassanta. Android ta samu irin wannan kariya a 2015. An yi tsarin ne don karya kasuwar wayar sata, amma yana kama mai gaskiya da ya manta kalmar sirrinsa ko ya sayi wayar da tsohon mai ita bai fita daga asusunsa ba. Dawo da asusu kuma yakan rataya ne a kan lambar wayar da aka yi rajista da ita. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, don haka wanda aka yi wa rajistar layi da sunan wani, idan layin ya ɓata, dawo da shi da asusun da ke kansa yakan gagara. Kafin sayen wayar hannu, ana duba lambar IMEI ta hanyar latsa *#06#, a kwatanta da ta kwali ko ta rasit.

Harshe da rubutu

Kalmar waya aro ce daga Ingilishi, asalinta zaren ƙarfe. Ta bi ta tangaraho da gidan waya da tarho kafin ta sauka a kan na'urar da ba ta da zare ko ɗaya. A bakin jama'a rabe-raben ba na Android da iOS ba ne, na babbar waya da ƙaramar waya ne, wato ta shafawa da ta latsawa. Mutane da yawa suna cewa Android suna nufin kowace babbar waya, iPhone kuma a ware ta da sunanta. Kalmomin aro irin su caji, sabis, memori da data sun zauna daram, yayin da tsofaffin aikatau na Hausa, tura, sauke, ɗora da goge, suka ɗauki sababbin ma'anoni.

Rubutun Hausa na boko yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, tun shekarun 1930, a Nijar kuma ana ƙarawa da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Rashinsu yana haɗe kalmomin da ba su da dangantaka: baki da baƙi, fada da faɗa, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Tsofaffin wayoyi sukan nuna ɗan akwati a gurbinsu, abin da ya taimaka wajen sabar wa jama'a rubutu babu su. Wayoyin yanzu na tsarukan biyu suna nuna su daidai. Wahalar tana wajen bugawa. A Android, allon rubutu na Gboard da na SwiftKey suna da Hausa, sai dai mutum ya shiga saituna ya ƙara ta. iPhone ta fara yarda da allon rubutu na wasu kamfanoni a 2014. Kalmomin da tsohon allo ya koya daga mai shi ba kasafai suke binsa ba, shi ya sa sabuwar waya kan shafe makonni tana mayar da kalmomin Hausa zuwa na Ingilishi har sai an kashe gyaran kai-tsaye ko ta saba.

Ta fuskar hidimar harshe, ɓangaren Google ya yi gaba. Google Translate ta sa Hausa a watan Disamba na 2013, kuma a 2024 kamfanin ya ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da rubutu da murya. Siri ta Apple ba ta jin Hausa. Masu rubutun ajami suna iya amfani da allon Larabci a tsarukan biyu, amma ba ya ɗauke da dukkan haruffan da Hausa ke buƙata. Wasu daga cikinsu ba su shiga tsarin Unicode ba sai a 2020, kuma ba kowace waya ke nuna su ba.